Akwatin Yazid a Falon Baba

Masu karatu, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau, ni kaina in na tuna sai na rufe fuska da mayafi ina dariya, duk da cewa ranar da ya faru ko kusa ba dariya nake ba.

Sunana Halimatu Sadiya, amma ban da Baba kowa Sadiya yake ce min. A Damba muke zaune, cikin Gusau. Ina aiki a Sabon Gari, a shagon Anti Rifkatu, inda muke sayar da dikoda da kwanon dish, muna kuma sabunta wa mutane biyan wata. Wato in ƙwallo ta ɗauke maka ana tsaka da wasa, ni ce wadda za ka kira kana faɗa. Saurayina kuwa, Yazid, mutumin Tsafe ne, aikin sola yake yi, kuma hannunsa na da kyau. Sai dai a gefe yana da wata 'yar sana'a. Yana sayar da wani ɗan baƙin akwati mai kamar sabulun wanki, wanda in ka haɗa shi da talabijin ka sa masa data, zai nuna maka duk wasannin Turai ba tare da ka biya kamfani ko sisi ba.

Kun gane ko? Ni ina sayar da na halal, wanda nake so yana sayar da na sata. Anti Rifkatu ba ta sani ba. Baba ma bai sani ba.

Ba yau muka fara rigima a kan wannan ba. In ya zo zance muna zaune a zaure, shi da gorar zoɓon da Inna ke ajiye masa a firij, sai na ce, "Yazid, kai fa abincina kake zubarwa. Duk wanda ka sayar wa akwatin nan, mun rasa kwastoma ke nan."

Sai ya karkata hula ya ce, "Ni na kore su? Ƙarin kuɗin da ake yi musu kullum ne ya kore su, ni dai a hanya na tare su. Sadiya, mai shayi da ɗan kabu-kabu su ma fa idanu gare su. Mutum ya auno masara ko ya sayi ƙwallo?"

"To ya haƙura da ƙwallon mana."

"Ke kina iya ce wa Baba ya haƙura?"

Ya san inda zai taɓa ni.

Babana, Malam Labbo, tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya. Asalinmu 'yan Kekun Waje ne ta Bungudu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, amma a kan Arsenal sai ka rantse wani mutum ne daban. Ba ya zuwa gidan kallo. Ya ce da furfurarsa ba zai zauna a benci ɗaya da samari suna zage-zage ba. Ni kuma, mai sayar da abin, ƙaramin tsari kawai nake iya biya mana a gida, na labarai da wa'azi da finafinan Inna. Babban tsarin da ake nuna manyan wasanni, ko ni da nake danna wa mutane shi kullum, ya fi ƙarfin albashina. Da can gidan maƙwabcinmu Baba Bitrus yake shiga su kalla tare, shi ɗan Chelsea ne, ɗansa Ezekiel ke biya masa daga Abuja. Da aka sake ƙara kuɗi, Ezekiel ma ya ce a yi haƙuri. Tun daga nan tsofaffin biyu suka koma rediyo, suna zaune a ƙofar gida kowa ya kara kunne, suna musu a kan abin da ba su gani ba.

Ita kuwa Inna, damuwarta daban ce.

"Yaron nan kullum zance, kullum zoɓo," ta ce min ranar wata Alhamis tana tankaɗe. "Zoɓona na ƙarewa, maganar aure ba ta fara ba. Jiya a gidan suna mutum nawa suka tambaye ni, wai yaushe za mu sa ranar Sadiya? Na rasa inda zan sa fuskata."

"Inna, ai ba laifinsa ba ne. Baba ne bai ce ya turo ba."

"Shi kuma Babanki in na yi magana sai ya ce ana dubawa. Ana duba me? Gona ce? To na aika wa Kawunki Bawa. Lahadi yana tafe, ya ga yaron da idonsa, a san abin yi."

Kawu Bawa yayan Baba ne, shi ne babba a gidanmu na Kekun Waje, kuma shi ne waliyyina. Abin da ya ce, shi ke nan.

Na shiga ɗaki na kwanta a kan gado na tura wa Yazid saƙo. Ko minti ba a yi ba ya amsa.

"Alhamdulillahi. Ni ma na samo makullin zuciyar Baba."

"Wane makulli?"

Sai ga hoton baƙin akwatin nan a tafin hannunsa.

"Kar ka soma!" na rubuta.

"Lahadi fa Arsenal da Chelsea, Gimbiya. Ki bar tsoho ya gani da idonsa."

"Yazid, wallahi in ka kawo shi ba ruwana."

Ya turo min hoton fuska mai dariya da zuciya ja har guda uku. Na kife wayar a kan filo. Ku da kuke da samari masu taurin kai, kun san irin wannan haushin da so ke cakuɗe da shi.

Ranar Asabar da hantsi ya iso, don mutanen Tsafe ba sa son yamma ta yi musu a hanya. Shadda ruwan toka ya sa, ɗinkin tazarce, da hula ƙube mai baƙin zare, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Ni kuma atamfa ce a jikina, kore da ruwan goro, riga da siket, na yafa ɗan mayafi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ya zo da ɗan abin kallo. Kafin na kawo ruwa har ya zagaya bayan talabijin yana haɗa wayoyi.

Baba ya ɗauki kwalin ya juya shi. "Wanga abu, an biya shi?"

"An biya, Baba."

Baba ya dubo ni. "Halimatu, haka ne?"

Ina tsiyaya ruwa a kofi, har na jiƙa tire. "Akwatin dai an biya kuɗinsa, Baba."

Ban yi ƙarya ba, amma ni da ku mun san ban faɗi gaskiya ba.

Sai ga fili kore shar ya cika talabijin, 'yan wasa na gudu, ana jin ihun 'yan kallo kamar a tsakar gidanmu. Masu karatu, da kun ga fuskar Babana! Ya matso bakin kujera, ya gyara tabarau, bakinsa a buɗe. "Kai! Har ciyawar ana ƙirgawa!" Ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. A lokacin duk wata hujja da nake da ita ta narke. Na ce a raina, Allah Ka yafe mana, bari dai tsoho ya ji daɗi. Yazid ya kashe min ido ta gefen labule, na harare shi, amma murmushi ya ci amanata.

A gidan abokinsa ya kwana a cikin gari. Lahadi da safe Kawu Bawa ya sauka daga mota da buhun sabuwar masara da gyaɗa da zabbi biyu a ɗaure. Dogo ne, da farin gemu da babbar riga mai ruwan ƙasa, ba ya dariya sai da dalili. Ƙwallo kuwa bai san ko ta ina ake cinta ba. Inna ta share falo, ta canza lesin da ke kan kujeru, ta kunna turaren wuta. Muka dafa masara, muka soya gyaɗa, ta yi hoce, gurasar dawa irin ta mutanenmu, da ƙuli don Kawu, aka cika jug da zoɓo mai sanyi.

Bayan azahar Baba Bitrus ya shigo, ko kayan coci bai cire ba, ya ɗora wata tsohuwar shuɗiyar hula a kai.

"Labbo, yau sai ka yi kuka a gaban yayanka!"

"Zauna dai, Bitrus. Baki ba shi buga ƙwallo."

Yazid ya zauna a ƙasa kan kafet, rimot a hannu, yana amsa tambayoyin Kawu cikin ladabi: ɗan wane ne a Tsafe, wace unguwa, wa ya koya masa aikin sola. Na ga Kawu na gyaɗa kai. Ni da Inna muna bayan labule, ta ƙofar da ke shiga tsakar gida, tana ta zungurina da gwiwar hannu. "Kin gani? Ya yi masa."

Aka fara wasa lafiya lau. Baba na tauna masara yana ba 'yan wasa umarni kamar suna jinsa. Can sai muka ji gidan kallon Idris da ke ƙarshen layinmu ya ɗauki ihu, har da buga kwanon rufi. A talabijin ɗinmu kuwa ƙwallo na tsakiyar fili, wani na ɗaure takalmi.

Baba Bitrus ya waiga. "Labbo, ko wani wasan daban muke kallo?"

"Namu yana ɗan jinkiri ne, Baba," in ji Yazid a hankali.

Kawu Bawa ya ce, "Wato waɗancan sun riga sun gani? To ku mi kuke jira? Ku aika a tambayo mana."

Sai da aka ɗan jima ƙwallon ta shiga a namu. Arsenal ce ta ci. Baba ya ɗaga hannu zai yi murna, amma murnar ta riga ta huce, sai ya sauke hannun ya ce, "To, madalla."

Ba a daɗe ba hoton ya tsaya cak. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana ta juyawa. Yazid ya danna nan, ya danna can. Hoto ya dawo da wani mai sharhi yana ihu da Larabci, ya sake tsayawa. Na ga gumi ya fara tsattsafo masa a bayan wuya. Ya sake dannawa.

Innalillahi.

Wani talla ne ya fito ya cika talabijin gaba ɗaya. Tallan caca, da kiɗa mai ƙarfi, da wata mata tana rawa, kayan da ke jikinta in aka haɗa su ba za su yi min ɗankwali ba.

"A'uzu billahi!" Kawu Bawa ya zabura, ya rufe fuska da hannun riga, masararsa ta gangara ƙarƙashin kujera. "Subhanallahi! Labbo!"

"Ya Ubangiji," in ji Baba Bitrus, ya cire tabarau ya kalli silin.

Yazid ya danna rimot da ƙarfi, ashe wurin ƙara murya ya danna. Kiɗan ya cika gida. Ya jefar da rimot, ya yi tsalle ya tsaya a gaban talabijin ya ware hannuwa kamar mai tsaron gida, amma ta ƙarƙashin hammatarsa ana hango matar tana juyi. Ban san lokacin da na banko labule ba. Na faɗa falo ko takalmi babu, na fizge wayar wutar daga bango.

Tsit. Ba ka jin komai sai kukan zabbin Kawu a tsakar gida.

Kawu ya sauke hannun riga a hankali. "Labbo, wanga ne kac ce in taho in gani?"

Ni Baba ya kalla. "Halimatu, ke ce kin san kan wanga aiki. Mi ya faru?"

In na faɗi gaskiya na kashe Yazid a gaban waliyyina. In na sake karkata magana, na yi wa Babana ƙarya a gaban yayansa da amininsa. Ina tsaye riƙe da waya a hannu kamar wadda aka kama da kayan sata, kuma in an bi ta gaskiya, kayan satar ne.

"Baba, don Allah kar a tambaye ta."

Yazid ne. Ya cire hula, ya durƙusa a tsakiyar kafet.

"Ita ta hana ni kawowa, na ƙi ji. Akwatin nan satar hoto yake daga masu shi. Waɗanda ke tura mana hoton, da irin wannan tallan suke samun kuɗi. Ban taɓa ganin mai muni kamar na yau ba, amma na san ana sa na caca." Ya sunkuyar da kai. "Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Ina sayar da su a Tsafe, har nan Gusau."

Inna ta saki salati a bayan labule.

"Jiya na tambaye ka," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka tambaye ni, Baba. Na karkata maganar."

"Ka kawo man sata gida, ka zaunar da ni gaban baƙi ina tafa mata."

"Na ga kana so ne, kuma kuɗin ya fi ƙarfin mutane…"

Baba Bitrus ya gyara murya. "Labbo, a nan kam yaron bai yi ƙarya ba. Kuɗin ya yi yawa. Ni da kai mun yi wa gwamnati aiki har muka tsufa, ga mu nan a rediyo."

"Tsada gaskiya ce, Bitrus, ni ma ita ta hana ni. Shekara nawa ina kuka da tsadar taki? Amma ban taɓa shiga rumbun wani ba." Ya juya ga Yazid. "Kwance abinka ka maida kwali."

Yazid ya kwance ya mayar kwali. Ya ɗauki hularsa zai fita, kansa a ƙasa. Ni har hawaye sun cika min ido.

"Ina za ka?" in ji Baba. "Ba a tashi wasa ba. Halimatu, ɗauko man rediyo."

Haka aka ƙarasa wasan nan, masu karatu. Tsofaffi biyu sun kara kunne a rediyo, Kawu Bawa ya juya baya yana jan carbi, Yazid na zaune a ƙasa da kwali a cinya kamar ɗan makarantar da aka hana tashi. Da Chelsea ta rama, Baba Bitrus ya miƙa masa gyaɗa ya ce, "Ci, ɗana, ba a mutuwa da kunya." Ni dai na koma kicin na zauna a kan turmi, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, sai na haɗa duka.

Washegari Kawu zai koma, ya tsaya a zaure ya ce wa Baba yadda kowa zai ji, "Ni ban yarda ba. Ɗiyarmu ba ta zuwa gidan da ake ci da wanga." Inna kuwa kwana biyu ba ta yi min magana ba sai ta aike. A na uku ta fashe: "Kin sani kika yi shiru! Da kin gaya min ai da na san yadda zan ɓoye kwalin kafin ya kai falo!" Ita ba satar ce ta dame ta ba, auren da ya suɓuce ne.

Yazid ya yi ɗif. In na tura masa "Ya kake?" sai yamma ya amsa da "Lafiya." Sai daga baya ya turo min saƙon murya, muryarsa a dishe. Ashe ranar nan ba namu kaɗai ya tsaya ba, an toshe layin ne gaba ɗaya, duk akwatunan da ya sayar suka mutu. Mutane suka cika masa shago a Tsafe. Wanda ke kawo masa kayan ya kashe waya. Wasu ya mayar musu da kuɗinsu, wasu ya yi musu aikin sola a madadi, har babur ɗinsa ya sayar.

"Na bari, Sadiya," ya ce a ƙarshen saƙon. "Ba don an toshe ba, wallahi za su buɗe wani gobe. Fuskar Baba ce ta ƙi barin idona."

Na saurari wannan saƙon har sai da cajin wayata ya ƙare.

A cikin makon ne Baba Bitrus ya tare ni a ƙofar gida ina dawowa daga aiki. "'Yata, tambaya gare ni. In tsofaffi suka haɗa kuɗi suka biya babban tsarin nan a gida ɗaya, suna taruwa suna kallo, akwai laifi?"

"Babu, Baba, in dai ba kuɗin ƙofa za ku riƙa karɓa ba."

"Wa zai biya kuɗi ya kalli Labbo yana ihu?"

Suka samu wasu maƙwabta biyu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa daga fanshonsa, ni ma na sa abin da nake biyan ƙaramin tsari da shi. A falonmu aka tsayar za a riƙa kallo, da hannuna na danna musu a shago, raina fes. Sai dai da na dawo gida, tashoshin wasanni sai tsinkewa suke. Iskar ruwan ƙarshen damina ta karkatar da kwanon da ke kan rufinmu.

Baba ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kira yaron nan. Ai ya iya hawa rufi."

Ranar Asabar ya zo a motar haya, ba shadda ba turare, wandon aiki ne da riga mai ɗan yagewa a kafaɗa. Ya rame. Ya hau tsani da sifana a aljihu, Baba na falo, ni ina tsakar gida ina isar da saƙo.

"Ya kawo!" in ji Baba.

"Ya kawo!" na ɗaga murya.

"Ya ɗauke!"

"Wai ya ɗauke!"

"Ki ce mashi ya koma inda ya baro!"

"Ina na baro?" in ji Yazid daga sama. Inna da ke wanke shinkafa ta tuntsire da dariya, karon farko tun ranar Lahadin nan.

Da hoto ya zauna ya sauko, hannunsa duk tsatsa. Na zuba masa ruwa a buta ya wanke. Baba ya kira shi falo, ni kuma na maƙale a wurina na bayan labule.

"Sana'ar nan fa?"

"Na bari, Baba."

"Na sani. Yaya Bawa ya kai hatsi kasuwar Tsafe, ya bi ta shagonka bai bari ka gan shi ba. Ya tarar mutane sun kewaye ka suna zagi, kai kuma kana ba su haƙuri kana sallamar su ɗaya bayan ɗaya. Ya kira ni ya ce yaron ya yi wauta, amma ba shi gudu." Baba ya ɗauki rimot ya rage murya. "Ka ce wa manyanka su taho. Su fara ta Kekun Waje."

Ban ji amsar Yazid ba, don Inna ta rangaɗa guɗa a kunnena har sai da Baba ya ce, "Rabi, a hankali, ana wasa!" Na ruga ɗaki na faɗa kan gado na cusa fuska a filo. Wayata ta yi ƙara. "Gimbiya, kin ji?" Na rubuta "Ban ji ba, maimaita," ya maimaita har sau nawa, ban gaji ba. Da na leƙo, yana zaune a kan kujera wannan karon, tsakanin Baba da Baba Bitrus, kowa na ƙoƙarin janye shi zuwa ƙungiyarsa. Da aka ci, ihun falonmu da na gidan kallon Idris tare suka tashi.

Ranar Litinin na tafi aiki da sabuwar abaya ruwan zuma, har da jan baki. Anti Rifkatu na zaune a bayan kanta da tabaranta a kan hanci. Mace ce mai kirki, ita ta koya min aikin nan tun ban san ko kunna kwamfuta ba, in azumi ya zo ita ke cewa in tashi da wuri. Ta kalle ni ta ce, "Wannan walwalar fa? Akwai labari."

Ina shirin ba ta labarin ke nan aka yi sallama. Na ɗaga kai, Yazid ne, bai gaya min zai zo ba. A bayansa ga magidanta uku, kuma duk na gane su, tsofaffin kwastomominmu ne da suka daina zuwa tun bara.

"Madam, barka da aiki," ya ce. "Waɗannan suna so a dawo musu da layinsu. Ni kuma in kina neman mai ɗaura dish, ina neman aiki."

Anti ta washe baki tana yi wa mutanen maraba. "Alhaji Arzika! Ina ka shige? Na zaci ka bar garin."

"Ina nan, Madam. Wannan yaron ne ya haɗa mu da wani akwati, ya mutu, shi ne ya ce mu dawo gida."

Murmushin Anti ya tsaya. Ta juya a hankali. "Ya sunanka?"

"Yazid."

"Na Tsafe? Kai ne Yazid ɗin da ya kwashe min rabin mutane, har na sallami ɗaya yarinyar da ke aiki a nan?"

"Ni ne, Madam."

Ta ga yadda yake satar kallona. Ta ga yadda na ƙanƙame bakin kanta. Anti Rifkatu ba yarinya ba ce.

"Sadiya, kin san shi?"

Na kalli Yazid, na kalli matar da ta riƙe ni kamar ƙanwarta.

"Shi zan aura, Anti."

Ta cire tabarau ta ninke, ta ajiye a kan kanta. Ta ce wa su Alhaji Arzika su ɗan jira a benci a waje. Sannan ta nuna wa Yazid kujera, ta dube ni.

"Turo ƙofar nan, ki zo ki zauna kusa da shi. Ku faro min labarin tun daga tushe."